Abin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Kwana goma sha ɗaya bayan an binne Baba, Baffa Iliassou ya kira ni zaure ya gaya mini ba lalle ne in koma Parakou ba.

Bai ɗaga murya ba. Baffa ba ya ɗaga murya, ina jin shi ya sa ake tsoronsa. Yayan Baba ne, shi ne babba a gidanmu na Djougou, kuma shi ke jan salla a masallacin ƙofar gida. Ya ce Mama a nan za ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma, tunda ɗakin hayarmu na unguwar Zongo a Parakou ba gida ba ne. In ta fita takaba sai a duba. Idan ta dawo cikin hayyacinta, mu tafi tare. Idan kuwa tana nan yadda take, danginta su zo su ɗauke ta, ni in zauna gidan ubana.

Na so in ce masa bana ce shekarar da zan rubuta jarrabawar BEPC. Na shirya maganar a zuciyata har da inda zan numfasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “To, Baffa.”

Yadda Mama take kuwa, ba ta magana. Tun ranar da Baba ya cika, bayan ciwon ciki na kwana shida, ba wanda ya ji muryarta. Ba ta kuka, ba ta fizge-fizge. Tana salla, tana wanka in an kai mata ruwa, sauran lokacin tana zaune a kan tabarma fuskarta wajen bango. In na kai mata abinci sai ta ci loma biyu ta ture kwanon. In na yi mata magana tana dubana sosai, har in ɗauka yanzu za ta amsa, sai ta mai da ido ga bango.

Gidan ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure, kuma a zauren Baffa yake wuni in ba ya masallaci ko kasuwa. 'Yan mata ba sa fita sai da aike, aiken ma 'ya'yansa ake yi wa don sun san gari. Littattafan da na zo da su guda uku ne, na karanta kowanne har na haddace inda shafi ya yage. Damina ce, ruwa kusan kullum. Nakan tsaya bakin rijiya in ɗaga kai, sararin da ake gani daga tsakar gidan bai fi tabarma huɗu ba.

Matar Baffa, Tanti Shafa'atu, ba muguwa ba ce. Tana ba ni nama fiye da 'ya'yanta, tana ce mini marainiyar Allah. Sai dai duk abin da ta gani sai ta nemo masa ma'ana. In kaza ta yi cara ta ce akwai labari, in tsintsiya ta faɗi ta ce baƙo na hanya.

Wata rana ta aike ni ɗakin doya in ɗauko guda biyu. Ɗan ƙaramin ɗaki ne marar taga, jikin ɗakin da Mama ke takaba. A bayan tulin doyar na ga akwatin ƙarfen Baba, wanda aka kwaso daga garejinsa na bakin hanyar Kpébié tare da sauran kayansa. Ba wanda ya buɗe, an ɗauka sifana ne da tsoffin buji. Ni na san abin da ke ƙasa.

Baba gyaran moto yake yi, wato babur, amma ranar Lahadi da yamma yakan shimfiɗa buhu a ƙofar ɗakinmu ya fito da wani abu da yake haɗawa. Ya ce tun yana yaro yake son gurmi, yake son goge, ya rasa wanda zai zaɓa, don haka zai yi guda ɗaya da za a kaɗa da yatsa a kuma goga da baka. Mama ta sa masa suna Alfadari. Takan leƙo daga wajen girki ta ce, “Sabiou, yaushe Alfadarin naka zai yi kuka? Kada mu tsufa muna jira.” Shi kuma ya ce ta ci gaba da gori, ranar da ya yi kuka ita za ta fara rawa. Duk ranar da aka ce ga baƙo daga Djougou, sai Alfadari ya shige ƙarƙashin gado. Gidansu Baba gidan malamai ne, kuma a wajensu goge kayan 'yan bori ne, ko sunansa ba a so.

Na ɗaga sifanonin na same shi naɗe cikin tsohuwar rigar aiki. Rabin ƙwarya ce mai kauri, an soke ta da ƙotar fartanya da aka fere ta yi sumul, a saman ƙotar an huda rami uku an sa noti uku na moto don ɗaure tsirkiya. Ba fata, ba tsirkiya, ba baka. A gefe akwai kaye, littafin rubutun 'yan lekol, mai bango shuɗi, Baba ya zana komai a ciki da biro, awo da Faransanci, bayani da ajami. A shafin ƙarshe da ya yi rubutu ya sa, fatar akuya, a jiƙa da toka kwana biyu.

Ban san ranar da na yanke shawara ba. Na dai san ina ta komawa ɗakin doya ina karanta kayen, don shi ne littafi na huɗu.

Ranar sadakar arba'in aka yanka akuya. Aka barbaɗa wa fatar gishiri aka rataye a ƙarƙashin rumfar murhu. Bayan azahar, lokacin da maza suka fita mata suka kishingiɗa, na ɗauki almakashin ɗinki na kifa faifai a kan fatar na yanko daidai zagayensa. Yankan ya fita tsaf. Na jiƙa ta a tsohuwar roba da ruwan toka a bayan doya. Kwana na biyu ɗakin ya ɗauki wari, Tanti ta ce ɓera ne ya mutu, ta sa ni in nemo shi. Na ce na samu na yar.

Da bayan cokali na kankare gashin. Kayen ya ce a ja fatar tun tana jiƙe, a kafa ƙusa gabas, a kafa yamma, sannan kudu da arewa. Ni na bi gefe ɗaya ina kafawa a jere, da na zo ƙarshe na ja sai ta yage. Na zauna ina kallonta, ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba. Washegari na koma rumfar murhu na yanko wani zagayen daga wajen wuya. Wannan karon na bi Baba ƙusa bayan ƙusa. Don kada a ji bugu, da dutsen guga na riƙa danna su a hankali, ina jiran lokacin da ake daka a maƙwabta. Ta bushe cikin kwana huɗu. Na ƙwanƙwasa da farce, ta amsa mini.

Tsirkiya biyu na kaɗawa ba su ba ni wahala ba, akwai zaren kamun kifi a akwatin. Ta ukun, wadda za a goga, kayen ya ce sili ɗaya daga wayar birkin moto. Na wuni biyu ina warware wayar, ta yayyanka mini yatsu, da Tanti ta gani na ce wuƙar fere doya ce. Na sassaƙa ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a kan fata, wanda Baba ya rubuta sunansa jaki, daga guntun muciya.

Baka ne ya tsayar da ni. Reshen gwaiba na samu na lanƙwasa, amma gashin wutsiyar doki ake ɗaura masa, ni kuwa ko ƙofar gida ban isa ba. Ina zaune ana yi wa Fatimatu Zahra, babbar 'yar Baffa, kitso, sai na ga ledar meshi baƙi, gashin ƙarin kitso, a gefenta. Da suka tashi salla na zare ɗauri ɗaya. Na ɗaura a reshen na ja a kan wayar, shiru, sai santsi kawai. Na koma kaye, can ƙasan shafi an rubuta ƙaro da ƙananan baƙi. Na san inda ƙaro yake a gidan, cikin kwalbar turaren wutar Tanti. Na ɗauki dunƙule ɗaya na murza wa gashin har ya yi fari.

Ranar Talata ce, ana yayyafi, bayan azahar. Na janyo ƙofar ɗakin doya, na ɗora Alfadari a cinya, na ja bakan.

Ya yi kuka. Ba kuka mai daɗi ba, kamar an taka wutsiyar kyanwa, amma da na sassauta hannu sai ya koma wata siririyar murya mai tsawo, irin ta mace tana kiran wani daga nesa. Na taɓa zaren kifin da babban yatsa, suka amsa daga ƙasa, dum, dum. Duka biyu a jiki ɗaya, kamar yadda ya ce.

Abin da ban lura da shi ba sai ranar, bangon da ya raba ɗakin doya da na Mama bai kai kwano ba, akwai tazarar kamu ɗaya a sama. Da na tsaya sai na ji motsin tabarma ta can ɓangaren, kamar mutum ya juyo. Da yamma na kai mata sakwara da miyar kuɓewa, ta cinye tas, har ta side yatsa.

Daga nan kullum bayan azahar ina ɗakin doya. Akwai wata 'yar waƙa marar kalmomi da Baba kan yi da hanci in yana wanke hannu da kananzir, ita nake nema a kan wayar. Mako biyu ina lalube kafin in sami rabinta. Ranar da aka yi ruwa fatar kan saki, sautin ya dushe, ban san dalili ba, kayen bai kai nan ba. Mama dai tana cin abinci. Ta fara juya fuskarta wajen ƙofa. Na riƙa lissafi a raina cewa in aka ci gaba haka, kafin ƙarshen takaba za ta yi magana, Baffa ya gani, mu tafi.

Ban yi lissafin cewa sautin da ya tsallaka bango zai fita ta tagar Mama ba.

Tanti ce ta fara ji. Ta tashi kama ruwa da rana tsaka, ta ji goge daga ɗakin mai takaba. Ni ina ciki na ji takunta na tsaya cak. Ta shiga ɗakin Mama, ta ɗaga tabarma, ta zazzage jaka, ta leƙa bayan ƙofa, ba rediyo ba waya. Mace ce kawai zaune. Da yamma tana kwashe tuwo tana ba maƙwabciya labari ƙasa-ƙasa, ni ina jera kwanuka. Ta ce dama ta san akwai abu. Wane kare ne zai yanki fatar sadaka zagaye kamar faifai, har sau biyu? Ina gashin Fatimatu ya tafi? Wa ya taɓa mata ƙaron turare? Fata, gashi, turare, sannan ga goge da rana tsaka, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo. Ta ce shirun Rachida, wato Mama, ba na baƙin ciki ba ne, wani abu ne ya zauna a kanta, kuma shi ake yi wa kiɗan.

Kwano ya suɓuce mini. Tanti ta ce in yi haƙuri, ba ta so in ji ba.

Baffa da farko ya ce surutun mata ne. Ni kuma, wautata, na huta kwana biyu na koma, don na ga Mama ta sake ture abinci. Ranar Baffa ya dawo ɗaukar lema, ya tsaya a tsakar gida ya ji da kunnensa. Daga bayan doya na jiyo shi yana a'uziyya.

Washegari aka fara. Da safe Baffa ya zauna bakin ƙofarta ya yi karatu mai tsawo yana tofawa a ruwa. Da yamma Tanti ta kawo kasko da garwashi, aka zuba habbatus sauda da tazargade da wasu saiwoyi, aka rufe ƙofa da taga. Ina tsaye a waje ina jin Mama tana tari. Da aka buɗe, idanunta sun yi ja, hawaye har wuya. Ta ɗago ta dube ni ta cikin hayaƙin, kallo ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Na daina kiɗa. Tanti ta ce alhamdulillahi magani na ci, tunda abin ya yi shiru, a ƙara. Mama ta koma loma biyu, daga baya loma ɗaya. Tanti ta ce ai haka suke yi, in an matsa musu sai su hana mutum abinci, a ƙara. Nan na gane inda na sa mu. In na kaɗa, sun ji aljani. In na bari, Mama ta bushe, kuma hayaƙi ba zai tsaya ba. Ko ta ina aka bi, ƙarshen takaba Baffa zai ga mace marar lafiya.

Sau uku na nufi zaure. Na farko na tarar yana da baƙi, na ji daɗi. Na biyu na yi sallama ya amsa, ya ce mene ne, na ce Tanti ce ta ce ko a kawo abinci. Na uku na kai bakin labule na ji yana waya da Kawu Bachir, yayan Mama da ke Tourou, yana ce masa su shirya, ranar da ta fita su zo su tafi da ita a ci gaba da nema mata magani can, yarinyar kuma tana nan wajensa. Na juya na koma bakin rijiya na yi ta jan ruwan da ba a sa ni ba.

An koma lekol a Parakou tun mako biyar da suka wuce. Nakan zauna in ce yanzu suna lissafi, yanzu an kaɗa ƙararrawa, yanzu wata ta zauna a mazaunina kusa da taga. Da yamma in shiga ɗakin Mama in share tokar kasko. Warin hayaƙin ya kama tabarma, ya kama mayafinta, ya kama ni. Wata rana na durƙusa kusa da ita na ce, “Mama, ni ce.” Ta sa yatsa ɗaya a kan leɓena, ta girgiza kai. Ban gane ba ko tana nufin ta sani, ko in yi shiru, ko ba ta ma ji abin da na ce ba. Na zaɓi fassarar da ta fi mini sauƙi, na yi shiru.

Saura kwana tara ta fita, Tanti ta ce an ba ta wani haɗi mai ƙarfi daga wani ƙauye, wannan ba a ɗaki ake turawa ba, lulluɓe mutum ake yi da bargo shi da kaskon. Baffa ya ce a yi sau ɗaya a gani. Bayan la'asar aka hura garwashi. Na ga Fatimatu Zahra ta fito da bargon Baffa mai nauyi, na ga an kamo Mama an zaunar a kan kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofarta. Wuyan hannunta ya zama kamar nawa.

Ba zan ce jarumta ce ta zo mini ba. Tsoron bargon ne ya fi tsoron Baffa. Na shiga ɗakin doya na ɗauko Alfadari ban naɗe shi ba, na fito tsakar gida, na kifa turmi na zauna. Ba wanda ya kula da ni, duk suna wajen kasko. Na ja bakan.

Ya yi ƙarar kyanwa irin ta ranar farko. Tanti ta saki mafici ta yi baya tana salati. Na sake ja, na sami bakin waƙar Baba, na bi ta, babban yatsana yana taɓa zaren kifi a ƙasa. An yi ruwa da safe, fatar ta saki, sautin duk a dushe. Na yi rabin da na iya, da na kai inda ban iya ba na koma farko. Ban ɗaga kai ba. Takalman Baffa kawai na gani sun zo sun tsaya gabana.

Na tsaya.

Ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce na Baba ne, bai ƙarasa ba, na ƙarasa. Ya tambayi fatar, na ce ta akuyar sadaka ce. Tanti ta ce gashin fa, na ce na Fatimatu ne, ƙaron kuma naki ne, Tanti, ki yafe mini. Fatimatu Zahra ta ce, a hankali amma kowa ya ji, “Ashe aljanin ma kitso yake so.” Uwarta ta harare ta.

Sai wata murya ta ce, “Fatar ta yi sanyi. Ki kanga ta a wuta kaɗan, ba kusa sosai ba.”

Muryar a shaƙe take kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Duk muka juya. Mama ce, tana nuna kaskon da aka hura dominta. Ta yi tari, ta ƙara da cewa haka Sabiou ya ce masu gurmi ke yi da damina.

Ban san abin da ya sa na bi ba a gaban Baffa, amma na tashi na kanga ƙwaryar a saman garwashin ina juyawa. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da ƙarfi. Ban sake ja ba.

Baffa ya daɗe yana duban Mama. Ya ce, “Rachida, kin sani?”

“Tun ranar farko, Yaya.”

“Kika bari muka yi ta tura miki hayaƙi mako uku.”

“Da na faɗa, da an fasa shi. Shekara huɗu yana haɗa shi.”

Baffa ya dubi notin nan uku na saman ƙotar, na ga ya miƙo hannu kamar zai taɓa, sai ya mai da shi bayansa. Ya ce wa Tanti ta kashe wutar. Ya ce mini abin nan kada ya sake shiga ɗaki a gidansa, in fitar da shi bayan katanga yanzu. Ya shige zaure, ranar wani ne ya ja magariba.

Sai bayan kwana uku ya kira ni. Na durƙusa inda na durƙusa da farko. Ya ce ya yi niyyar riƙe ni don haƙƙin ɗan'uwansa, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi niyyar. Amma yana da 'ya'ya mata huɗu a gidan nan, mutane suna bin sa salla, kuma maganar ta riga ta fita unguwa cewa an yi goge a gidan liman. Ya ce yarinyar da za ta iya zama tana kallon uwarta cikin hayaƙi mako uku ba ta buɗe baki ba, shi bai san yadda zai riƙe ta ba. Wannan maganar ta fi mini zafi da a ce ya mare ni. Ya ce uwata lafiyarta lau, ya gani. In ta fita mu tafi.

Na ce, “To, Baffa.”

Alfadari ya yi sauran kwanakin a bayan katanga, cikin wani tsohon buhun siminti da Fatimatu Zahra ta saƙala a reshen gwaiba ta waje. An yi ruwa sau huɗu. Mama tana magana yanzu, amma kaɗan-kaɗan, kuma tarin bai bar ta ba. Ba ta taɓa yi mini zancen mako ukun nan ba. Da ma ta yi.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka ta sa atamfa mai ruwan ganye, Kawu Bachir ya zo da safe. Tanti ta ɗaure mana doya shida da kwalbar man shanu, ta rungume ni tana cewa aljanar gidanmu za ta tafi. Baffa ya raka mu ƙofar zaure ya yi addu'a, ya sa mana albarka. Na jira ya ce in zo hutu. Bai ce ba.

A gar, tashar motar Djougou, muka shiga taksi, mu huɗu a baya, buhun simintin a kan cinyata. Sai da muka fita gari na kwance bakinsa na leƙa. Fatar ta yi funfuna, ta ɓalle daga ƙusa uku, wayar ta yi tsatsa, meshin ya cukurkuɗe. Ƙwaryar da ƙotar suna nan lafiya. Mama ta leƙo ita ma, ta sa yatsa ta taɓa inda ya ɓalle. Ta ce akwai Dogo mahauci a bayan gidanmu na Zongo, ba zai hana mu fatar akuya ba, amma wannan karon sai mu roƙa. Ta yi tari, ta jingina kai da gilashi, muka ci gaba da tafiya.